Hangara Ta Sha Duka, Ɓarawon Yana Cikin Fure

Bara waccan na shuka wake a gonarmu ta gado da ke bayan Bichi, 'yar gona ce da ba ta cika kadada ɗaya ba. Ni aikin koyarwa nake yi a cikin Kano, noman nawa na Asabar da Lahadi ne. Sauran kwanakin Kawu ne ke leƙa min, ƙanin mahaifiyata, wanda ya fi shekara hamsin yana riƙe da fartanya. Waken ya yi kyau har ya so ya sa min girman kai. Ganye kore shar, ya yi yaɗo ya rufe kunya, duk wanda ya bi ta hanyar sai ya tsaya ya ce masha Allah. Ni kuwa har na fara ƙirga buhuna a zuci.

Wajen tsakiyar Satumba Kawu ya kira ni bayan Magariba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗan nan, hangara ta sauka a wakenka. In ba za ka zo da magani ba, to ka taho da igiyar ɗaurin harawa kawai."

Da sassafe na isa, kuma na gan su da idona. Manyan ƙwari ne dogaye, wasu sun kai gaɓar yatsa biyu, baƙaƙe masu ratsin rawaya, wasu ratsin nasu ja ne kamar an ɗiga musu manja. Sun maƙale a kan furanni suna ci hankali kwance, ko gudu ba sa yi. Na nufi kasuwa, mai sayar da maganin feshi ya miƙo min kwalba ya ce wannan ba ya barin komai da rai. Rana ta take muka yi feshin, ni da wani yaro. Washegari Kawu ya ce ƙasa duk gawar hangara ce. Na yi hamdala na koma aji.

Da kaka ta zo, harawa muka samu mai yawa, har maƙwabta na tayawa. Wake kuwa ko buhu biyu bai cika ba. Kawu ya ce hangarar ta riga ta gama ɓarna kafin mu zo. Na yarda, don ba ni da wata magana da ta fi tasa.

Abin da ya warware min zancen ya zo ne bara, ta hannun wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya a unguwarmu, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Na ba shi labarin asarata, ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi min tambaya ɗaya: furen da ke zuba ƙasa, a cinye yake ko lafiyayye? Na ce ban duba ba. Ya ce to bana in wake ya fara fitar da kai, tun kafin fure ya yawaita, in zo in ɗauke shi.

Ranar da muka je bai ɗauki komai ba sai farin murfin kwano na tasa da ɗan gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Mun isa raɓa ba ta bushe ba, domin furen wake da sanyin safiya yake buɗewa, kafin rana ta yi tsaka ya rufe. Ya tsinko fure guda, ya kife shi a kan murfin, ya ɗan buga da yatsa sau uku. Sai ga wasu 'yan baƙaƙen layuka sun zubo, sirara kamar an yayyanka zare, kowanne bai wuce milimita 2 ba, suna ta guje-guje. A cikinsu akwai wasu ƙanana masu launin ruwan lemo, su ba su da fiffike. Na ƙirga goma sha wani abu a fure ɗaya kafin su watse.

Ya miƙa wa Kawu murfin. "Alhaji, ga masu cin wakenku."

Kawu ya kanne ido ɗaya ya duba, ya ce, "Haba Malam, wannan ai ƙura ce mai rai. Wannan me zai iya ci?"

Masana suna kiran wannan ƙwaro tirifs, wanda ke addabar furen wake a Afirka kuwa sunansa a littafi Megalurothrips sjostedti. Ni dai tun ranar nake ce masa ƙwarƙwatar fure, don ya fi zauna min a baki, kuma halinsa ya yi kama da nata: ƙarami, mai ɓuya, mai tsotso, mai hayayyafa ba ƙaƙƙautawa.

Bambancin da ya fi kowanne muhimmanci tsakaninsa da hangara a baki yake. Hangara tana da muƙamuƙai biyu masu ƙarfi da ke haɗuwa kamar almakashi, gatsa take yi ta tauna ta haɗiye. Saboda haka duk inda ta ci, sai ka ga shaida: gefen fure a yage, rami a tsakiya, wani lokaci furen ya tafi gaba ɗaya sai ɗan gindinsa. Tirifs ba ya tauna komai. Allah ya halicce shi da wani irin baki karkatacce, muƙamuƙin hagu kaɗai gare shi, na dama ya shanye tun yana cikin ƙwai. Da wannan guda ɗayan yake huda fatar tsiro kamar allura, sannan ya zura wani siririn bututu ya zuƙe ruwan da ke ciki. Ba ya ɗauke ko ƙwayar nama daga jikin furen. Wurin da ya sha sai ya koɗe, daga baya ya yi ruwan ƙasa ya bushe.

To a wake, ba ya ma jiran fure ya buɗe. Tun kan furen yana ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero yake shiga tsakanin ƙullayen yana sha. Ƙullin sai ya bushe ya faɗi, ya bar wani ɗan tabo mai duhu a jikin sandar. Malam ya kama wata sanda ya nuna min, na ƙirga tabo shida, babu fure ko ɗaya, babu kwanso. Wasu sandunan ma ba su miƙe ba, sun tsugune a cikin ganye. Furen da ya samu ya buɗe kuma, sai ka gan shi a murɗe da zane-zanen ruwan ƙasa, kwana kaɗan ya zube ƙasa bai ƙulla komai ba. Shi ya sa ya tambaye ni ko furen da ke ƙasa a cinye yake. Ka ɗauki fure a gindin wake ka juya shi ka ga babu inda aka gatsa, to ka daina zargin hangara.

Nan na gane abin da ya sa wakena na bara waccan ya yi ganye kamar kabewa. Tsiron da bai ɗauki 'ya'ya ba, duk ƙarfinsa a ganye da yaɗo yake ƙarewa. Koren da nake alfahari da shi, wani ɓangarensa alamar ciwo ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: hangara ce ta sha feshi da tsinuwa, mai ainihin aikin yana kwance cikin fure.

Ban ce hangara ba ta da laifi ba. Tana cin fure, kuma in ta yi taron dangi a 'yar ƙaramar gona, musamman wadda ta riga maƙwabtanta yin fure, tana iya yin mummunar ɓarna. Amma ɓarnarta a fili take, yawanci daga gefen gona take farawa, kuma wake yana fitar da fure fiye da abin da zai iya riƙewa, saboda haka in an kore ta da wuri yana mayar da gurbi. Wanda ke zubar da ƙulli tun bai buɗe ba, shi ba ya barin abin da za a mayar.

Na tambayi Malam, to ai na yi feshi, kuma maganin mai ƙarfi ne, me ya hana shi kashe su duka? Ya yi dariya ya ce in lissafa kurakuraina da kaina. Na farko, na makara: sai da na ga hangara sannan na motsa, hangara kuwa ba ta zuwa sai fure ya buɗe, lokacin tirifs ya yi mako biyu yana aiki. Na biyu, na yi feshi da tsakar rana, furanni sun fara rufewa, su kuma suna can ciki a lulluɓe. Na uku shi ne wanda ban taɓa tunaninsa ba. Macen tirifs tana da wani abu kamar ɗan zarto a bayanta, da shi take tsaga jikin fure ko ƙulli ta cusa ƙwai a ciki, inda ruwan magani ba ya kaiwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya yi ta sha na 'yan kwanaki, ya sake fata, sannan ya sauka ƙasa ya shige cikin turɓaya ya kwanta har fiffike ya fito masa. Daga ƙwai zuwa babba, mako biyu zuwa uku ne a irin zafinmu. Ke nan ranar da na yi feshi, akwai runduna a cikin naman fure, akwai wata a ƙarƙashin ƙasa, babu wadda maganin ya taɓa. Bayan kwana huɗu ko biyar gonar ta sake cika, ni kuwa ina Kano ina gyaran jarrabawa, hankalina kwance.

Hangara ba haka take ba. Yawancinsu zubi ɗaya suke yi a shekara. Uwar tana binne ƙwai a ƙasa, kuma abin da 'ya'yan ke ci shi ne ya fi ba ni mamaki a duk wannan karatu: ƙwan fara. Ɗan hangara yana fitowa da ƙafafu masu sauri, ya yi ta yawo har ya samu inda fara ta binne kwanson ƙwanta, ya shiga ya zauna yana ci har ya girma. Wato ƙwaron da ke cin furen wakena da damina, shi ne a ƙuruciyarsa ya rage min farar da za ta ci geron Kawu. Shi ya sa ake yawan ganin hangara ta yi yawa bayan shekarar da fara ta yi yawa. Da na gaya wa Kawu wannan, shiru ya yi, can ya ce, "To ai ɓarawon da ya kama maka ɓarawo ba ya zama liman." Ban samu amsa ba.

Akwai kuma maganar guba, wadda duk ɗan ƙauye ya sani ko bai san sunanta ba. In ka matsa hangara, wani ruwa rawaya yana tsattsafowa daga gaɓoɓin ƙafafunta. A cikinsa akwai sinadarin da ake kira kantaridin, shi ke tayar da bororo a fata kamar ƙunar ruwan zafi. Ina ƙarami na taɓa murje ɗaya a wuyana cikin barci, na yi mako ina yawo da tabo, ana ce min ƙwaro ya yi min fitsari. Wannan guba ba ta lalacewa don ƙwaron ya mutu ko ya bushe. A Amurka dawakai kan mutu idan suka ci busasshiyar ciyawar alfalfa da injin yanka ya murƙushe irin waɗannan ƙwari a cikinta. Tunda na ji haka nake kakkaɓe harawa da kyau kafin a ɗaure, domin mu ma a nan doki da ragon layya ita suke ci. Tirifs kuwa ba shi da abin da zai yi wa fatarka in ban da ɗan ƙaiƙayi in ya sauka a jiki lokacin gumi.

Ko a tashi ma ba su yi kama ba. Hangara, kamar buzuzu da sauran danginsu, tana da murfin fiffike biyu a baya, na tashin suna naɗe a ƙarƙashi, in za ta tashi sai ta ɗaga murfin ta tafi da nauyi tana ƙugi. Na duba tirifs da gilashin Malam, fiffikensa ba fiffike ba ne yadda muka sani, wasu sirara ne guda huɗu masu geza kamar gashin ido. Ba shi da ƙarfin tashi mai nisa, iska ce motarsa. Da rani, lokacin da babu wake a gona, yana fakewa a furannin itatuwa da ciyayi dangin wake, damina na kankama iska ta kwaso shi.

A gero labarin yana juyawa, kuma gaskiya ta sa in faɗa, don kada wani ya karanta wannan ya ce na wanke ƙwari masu cin fure. Idan gero ya fitar da kai ya yi bununi, manyan ƙwarin nan su ne abin tsoro. Akwai wani jinsin hangara mai launin toka ko ruwan ƙasa da ke cin bununi da ƙwayar da ke da madara, zangarniya ta fito fayau. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa mai zuwa da dare, Rhinyptia infuscata, wanda manoman Nijar suka sani sarai, har sukan hura wuta a bakin gona da daddare don ya faɗa ciki. A can Kawu ke da gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma ina jin daga gero ya ɗauko hukuncin da ya yanke wa wake.

Wani abin kuma, cin fure ba kullum ɓarna ba ne. Ƙwari masu murfin fiffike sun kai kusan nau'i 400,000 da aka sani, tirifs kuwa wajen 6,000, kuma a kowane ɓangare akwai masu amfani. Misalin da ya fi burge ni na kwakwar manja ne. Asalinta ta Afirka ce, amma da aka kai ta Malesiya sai da ma'aikata suka riƙa barbara ta da hannu, suna ɗibar garin furen namiji suna zuba wa macen. Sai aka ɗauko wani ɗan ƙwaro mai dogon baki daga Kamaru, Elaeidobius kamerunicus, a 1981 aka sake shi a gonakinsu. Shi a furen namiji yake ci yake hayayyafa, ƙamshi ya ja shi zuwa macen, ya kai mata garin a jikinsa. Cikin 'yan shekaru aka daina barbarar hannu. Wake bai buƙatar irin wannan taimako sosai, don furensa kan barbari kansa tun kafin ya gama buɗewa, amma ƙudan zuma na ziyartarsa, ga kuma ƙananan ƙwari masu farautar tirifs ɗin kansa. Feshin da na yi da rana tsaka, su ma ya haɗa da su.

Masu noman rani za su ce ai sun daɗe da sanin wannan ɗan ƙwaro, kuma haka ne. Ɗan'uwansa mai launin rawaya-rawaya, Thrips tabaci, shi ne ciwon kan masu albasa daga Kura da Kadawa har Aliero da Galmi. Yana ɓuya a wuyan albasa inda ganye ke haɗuwa, ganyen ya yi fari-fari kamar an shafa masa azurfa, da 'yan ɗige-ɗigen baƙin kashinsa, bakin ganyen ya bushe, albasar ta ƙi girma. Zafi da rashin ruwan sama ne ke haɓaka shi, kuma matan nasa ba sa ma buƙatar namiji kafin su hayayyafa. Wasu jinsunan tirifs har cutar bairos suke ɗauka daga tsiro zuwa tsiro, irin wadda ke sa tumatir ya yi zobe-zobe ya ƙi nuna daidai. Abin da ban sani ba a da shi ne cewa dangin mai farar da albasa ne ke zubar min da furen wake.

Malam ya ja min kunne a kan wani abu guda, ni ma bari in ja wa wasu. Irin waken nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya ta fitar a 2019, tsutsar maruka yake kashewa, mai shiga fure da kwanso ta bar saƙa da kashi a bakin rami. Ba ya hana tirifs, ba ya hana hangara, ba ya hana masu tsotson kwanso. Shi ya sa ko masu irin suka ce a yi masa feshi sau biyu. Na ji wani a motar haya yana cewa ya sayi irin da ba ya son magani sam, na so in tanka, sai na tuna ni ma bara waccan da irin wannan tabbacin nake magana.

Abin da muka yi bara ba wani abin a zo a gani ba ne. Daga ranar da wake ya fara ƙulli, duk Asabar da safe nakan bi gonar a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, in tsinki fure ko kan ƙulli kamar ashirin daga wurare daban-daban, in buga a kan farin murfi in duba. Feshin farko mun yi shi ne tun yawancin fure bai buɗe ba, na biyu bayan kwana goma da fure ya cika, na uku da kwanso ya fara, dukkansu da yamma liƙis bayan zuma ta koma gida, kuma ba da magani iri ɗaya ba, don tirifs yana saurin sabawa da guba. Tsakanin feshi na gwada jiƙon dakakken 'ya'yan darbejiya. Yana ragewa, amma wanda ya ce maka shi kaɗai zai riƙe gona in sun yi yawa, bai gwada ba. Hangara kuwa ko ɗigon magani ban ɓata a kanta ba. Da sanyin safiya jikinta a mace yake, yara biyu da bokitin ruwan omo da leda a hannu sun isa, su girgiza reshe ta faɗa ciki. Sharaɗin kawai kada a taɓa ta da hannu tsirara, kada kuma a sosa ido.

Buhu biyar da 'yan kwanuka muka samu a gonar da ta ba ni ƙasa da biyu. Ba zan rantse cewa duk saboda tirifs ba ne, don ruwan bara ya fi na bara waccan daidaito, kuma na shuka da wuri. Kawu ya riƙe wannan hujja gam. Har gobe in aka tayar da zancen a majalisa cewa yake yi ruwa ne ya gyara, kuma yaran da suka tsince hangara su suka ceci waken, ƙurar Malam ba ta da hannu a ciki.

Makon jiya na je duba waken bana, na isa da wuri ban sanar da shi ba. Na hango shi can ƙarshen gona a tsugune, ya juya min baya. Da na matso sai na ga murfin farin kwanon Inna a hannunsa, ya kife fure a kai yana bugawa da yatsa. Na yi sallama, ya yi sauri ya tura murfin ƙarƙashin riga.

"Kawu, nawa kuka samu?"

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, bai dube ni ba. "Tara," in ji shi. "Ka zo da maganin ranar Talata, kada ka kai Asabar."